Dokar ƙwadago: a bar ta a hannun Abuja ko a raba wa jihohi?

Duk sanda aka taso da gyaran kundin tsarin mulki, akwai buƙatar da ba ta taɓa ɓacewa daga teburin gwamnoni ba: a cire batun ƙwadago da mafi ƙarancin albashi daga hannun gwamnatin tarayya, kowace jiha ta yanka wa ma'aikatanta daidai ƙarfinta. Mu da ke ƙauyukan Kano da Jigawa mukan ji maganar a rediyo mu ɗauka rigimar manya ce. Alhali idan gyaran ya tsallake majalisar tarayya, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince kafin ya zama doka, kuma ɗan majalisar jihar da muke gaisawa da shi a wurin ɗaurin aure yana cikin masu ɗaga hannu. Kano na da irinsa 40, Jigawa na da 30. Saboda haka malamin firamare a Gwaram, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi a Rano, da mai dako a injin casar shinkafa a Kura, duk suna da bakin magana, in dai sun san abin da za su ce masa.

A halin da ake ciki, abu na 34 a jerin ikon da kundin 1999 ya keɓe wa tarayya ita kaɗai shi ne ƙwadago: ƙungiyoyin ma'aikata, dangantakar ma'aikaci da uban gidansa, lafiya da kariya a wurin aiki, sasanta rikici, da tsayar da mafi ƙarancin albashi. Majalisar jiha ba ta da hurumin yin doka a kai. Dokar ƙwadago da ake aiki da ita tun 1971 ɗaya ce daga Maigatari har Fatakwal. Ita ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa, a ba shi hutun kwana shida da albashi bayan ya cika shekara, mace kuma ta samu hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi. Shari'ar aiki kuwa, tun gyaran kundin da aka yi a 2010, kotun ma'aikata ta ƙasa ce kaɗai ke sauraronta.

Ba haka aka faro ba. A jamhuriya ta farko tarayya da jihohin yanki duk suna da hannu a batun, kuma lada ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Gwamnatin Awolowo a Yamma ta tsayar wa leburorinta sule biyar a rana tun a 1954, lokacin da leburan Arewa ke karɓar abin da bai kai haka ba. Hukumar duba albashi ta Morgan, wadda jan ƙafa wajen aiwatar da rahotonta ya haddasa yajin aikin gama-gari na 1964, ta raba ƙasar shiyya-shiyya ne, Legas a sama, karkarar Arewa a can ƙasa. Dunƙulewar ta zo ne a zamanin soja, da albashin Udoji na 1974 wanda dattawanmu har yau suke ba da labarin kekuna da rediyoyin da aka saya da ariyas ɗinsa, sannan kundin 1979 ya tabbatar da ita. Wannan tarihin yana da muhimmanci gare mu musamman: lokacin da aka bar kowane yanki ya yanka nasa, mu ne muka zo a ƙarshe.

Hujjar masu son a raba ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita don kawai daga bakin gwamnoni ta fito ba. Suna cewa kuɗin shigar da Legas ke tarawa a cikin gida ya ninka na Jigawa sau da yawa, kuɗin haya da na mota a Ikeja ba ɗaya suke da na Birnin Kudu ba, to don me za a zauna a Abuja a yanka adadi ɗaya a ce kowa ya biya? A watan Yunin 2024, ana tsakiyar ja-in-ja, ƙungiyar gwamnoni ta fito ta ce ko naira 60,000 ba za ta ɗore ba, domin wasu jihohin za su ƙarar da kasonsu na wata-wata a kan albashi kaɗai, babu na hanya, babu na asibiti. Gwamnonin Kudu kuma suka nemi a bar kowace jiha ta yi cinikinta da 'yan ƙwadagonta. Mutumin ƙauye ya fi kowa jin nauyin wannan hujja. A ƙauyenmu masu albashi ba su cika yatsun hannu biyu ba, sauran duk manoma ne da masu sana'a, kuma kowace naira da ta tafi albashi naira ce da ba ta zo gyaran famfon tuƙa-tuƙa ko kwalbatin da damina ta cinye ba.

Sai dai akwai abin da hujjar ke ɓoyewa. Dokar tarayya ƙasa ta shata, ba ta shata sama ba. Babu abin da ya hana jiha mai hali ta ƙara, kuma suna ƙarawa. Bayan Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000 a ƙarshen Yulin 2024, Legas da Ribas sun tafi 85,000, Kano ta ce 71,000, Jigawa ta tsaya a 70,000. Haka ma hutun haihuwa: Legas da Kaduna sun ba ma'aikatansu mata wata shida, ba tare da an gyara kundin tsarin mulki ba. Ke nan 'yancin hawa sama yana hannun jihohi tun tuni. Ikon da suke nema a ƙara musu, in aka tace maganar, ikon sauka ƙasa ne. Wannan ne ya sa a watan Maris na 2021, da ɗan majalisar wakilai Garba Datti Muhammad na Sabon Garin Zariya ya kawo ƙudurin mayar da mafi ƙarancin albashi jerin haɗaka, wato jerin batutuwan da tarayya da jihohi duk ke iya yin doka a kansu, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba ta fito zanga-zanga a Abuja da manyan biranen jihohi, ƙudurin kuma bai kai ga zama doka ba.

Sannan adadin da ake kuka da shi ɗin, wane irin adadi ne? Naira 125 da Hassan Sunmonu, shugaban NLC na wancan lokacin, ya ƙwato a zamanin Shagari a 1981 ta kai kusan dala 200 a lokacin. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. A tsakani an bi ta 18,000 a 2011 da 30,000 a 2019, kullum adadin na hawa, abin da yake saye na raguwa. Magidanci mai iyali da ke karɓar 70,000 ya san kwana nawa take yi masa tsakanin hatsi, kuɗin cefane da magani. Idan wannan ne ya yi wa jiha nauyi, ina za ta tsaya in an sakar mata mara?

To amma wanda zai ce a bar komai yadda yake, shi ma da sauran bayani a kansa. Doka ɗaya a takarda ba ta zama biya ɗaya a aljihu ba. An sa hannu a kan 30,000 a watan Afrilun 2019, amma Zamfara sai a 2024 ta fara biya, wato har wa'adin dokar ya ƙare. A 2025 malaman firamare na Abuja, a ƙofar gidan masu yin dokar, sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan sabon albashin da ƙananan hukumominsu ba su aiwatar ba. Gwamna yana da rigar kariya, ba a gurfanar da shi yana kan mulki, kuma ƙaramin ma'aikaci ba shi da kuɗin lauya balle na zirga-zirga zuwa kotun ma'aikata a birni. A ƙarshe abin da ke sa a biya shi ne barazanar yajin aiki da kusantowar zaɓe, ba tsoron doka ba.

Babban gibin ma ba nan yake ba. Dokar mafi ƙarancin albashi da kanta ta ware waɗanda ba ta shafa ba: wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, masu aikin jinga ko la'ada, da masu aikin da ke bin yanayi irin noma. A karanta wannan jerin a Kadawa ko Auyo, za a ga kusan kowa aka lissafa. Ka je fadamar Kura lokacin yankan shinkafa. Tun da sanyin safiya 'yan ƙwadago ke taruwa a bakin titi da laujensu, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu 'yan ci-rani daga nesa. Mai gona ya zo a yi ciniki da baki, jinga ce, fili kaza kuɗi kaza, da abincin rana ko babu. In lauje ya sare wa yaro yatsa, a ɗaure da tsumma, in mai gonar na da tausayi ya ba shi na allura. In magariba ta yi ya ce sai ya sayar zai cika musu, babu takarda, babu shaida sai Allah, sai kuma mai unguwa in abin ya kai ga ƙara. Ko matan da ke turara shinkafa da sheƙa a bayan injina, yini guda a cikin hayaƙi da ƙaiƙayi. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin ranar tsautsayi, amma tambayi mai dako a injin ko ya taɓa jin sunanta. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna wajen tsarin aikin hukuma ne. Jami'an duba wuraren aiki na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya suna zaune a hedikwatar jiha, jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ko 27, kuma majalisar jiha, wadda ta fi kusa da waɗannan mutane, kundin ya ɗaure mata hannu. A nan masu son a raba suke da gaskiyar da su kansu ba su cika faɗa ba, domin hankalinsu na kan lissafin albashi.

Wasu ƙasashen masu tsarin tarayya sun bi ta wannan mararraba, kuma kowace ta ɗauki hanya daban. Kanada ta bar wa larduna tun wani hukuncin kotu na 1925. Dokar tarayya ta tsaya a kan bankuna, jiragen ƙasa da na sama da makamantansu, sauran ma'aikata, mafi rinjaye nesa ba kusa ba, kowa na bin dokar lardinsa. Amurka ta shata ƙasa ta bar sama a buɗe: dala 7.25 a awa tun 2009, jihohi kusan 30 sun haura haka, Kalifoniya ta kai dala 16 a 2024. Amma akwai jihohi biyar a kudancin ƙasar, irin su Misisipi da Alabama, da ba su da dokar mafi ƙarancin albashi ko kaɗan. Ba don shingen tarayya ba, da ma'aikacinsu ba shi da madogara. Duk mai tunanin kowace jiha za ta yi wa talakanta adalci in an bar ta, ya riƙe wannan. Indiya kuwa batun na jerin haɗaka ne, ta kuma tattara dokokin tarayya 29 ta mayar da su kundi huɗu a 2019 da 2020, da tanadin cewa tarayya ta shata ƙasan albashi, jihohi kada su gaza shi.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce Ostireliya, domin ita tafiyar da ta yi kishiyar wadda gwamnoninmu ke so ce: daga rarrabe zuwa dunƙule. Kusan shekara ɗari jihohinta shida kowace na da kotun sasanta rikicin aiki da dokokinta, ga na tarayya a gefe, har kamfani ɗaya kan samu ma'aikatansa a ƙarƙashin dokoki biyu ko uku. Jihar Biktoriya ce ta fara miƙa ikonta ga tarayya da kanta a 1996. A 2005 gwamnatin John Howard ta yi amfani da ikon da kundinsu ya ba tarayya a kan kamfanoni ta janye mafi yawan ma'aikatan kamfanoni zuwa doka ɗaya. Jihohi suka kai ƙara, babbar kotun ƙasar ta ba tarayya gaskiya a 2006 da alƙalai biyar a kan biyu. Sai dai dokar ta zo da abin da ya ƙona ma'aikata: ta cire kariya daga korar zalunci ga duk wanda ke aiki a kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 100 ba. A zaɓen 2007 Howard ya rasa mulki, ya rasa har kujerarsa ta majalisa. Gwamnatin da ta gaje shi ba ta wargaza dunƙulewar ba, sai ta sake dokar a 2009, kuma daga farkon 2010 sauran jihohin suka miƙa ikonsu a kan ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, ban da Ostireliya ta Yamma da ta ƙi.

Abu uku nake gani a wannan labarin. Dunƙulewa ba ita ce adalci ba. In dokar ɗaya ce kuma ta zo da mugunta, babu jihar da za a fake a cikinta, kowa ta shafa a rana ɗaya. Na biyu, ba doka kawai suka haɗe ba, sun kafa hukumar da ke duba mafi ƙarancin albashi kowace shekara, sabon adadi ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, da wani ofishi dabam mai bin sawun masu danne haƙƙin ma'aikata yana kai su kotu a madadin ma'aikacin. Mu kuwa sai a 2024 aka rage wa'adin dubawa daga shekara biyar zuwa uku, kuma kowane zagaye sai an kai ga rufe ma'aikatu, kamar yadda aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya ranar 3 ga Yunin 2024. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: mafi yawan jihohin Ostireliya sun riƙe ikonsu a kan ma'aikatan gwamnatin jiha, kamfanoni suka miƙa. Wato abin da suka ga ya fi buƙatar doka ɗaya shi ne kasuwa. A wurinmu rigimar gaba ɗaya a kan albashin gwamnati take, domin a jihohi irin namu gwamna shi ne babban mai ɗaukar aiki. In aka ba shi ikon yanka mafi ƙarancin albashi, an mai da shi mai saye kuma mai yanka farashi, da majalisar jihar da kowa ya san ba ta cika ce masa a'a ba.

Ba sai mun je ƙetare ba ma kafin mu ga abin da ke faruwa in aka bar wa jiha. Fanshon ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi yana hannun jihohi. Jigawa ta kafa tsarinta na karo-karo tun 2001, ma'aikaci na zuba kashi 8, gwamnati kashi 17, gwamnatoci suka zo suka wuce ba su wargaza shi ba, har wasu jihohin ke turo wakilai Dutse su koyi yadda ake yi. Kano ta kafa makamancinsa a 2006, amma da aka daina zuba kason yadda ya kamata, bashin garatuti da haƙƙin mamata ya taru har gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji sama da naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi. Jihohi biyu maƙwabta, da can jiha ɗaya ce kafin 1991, tsari kusan iri ɗaya. Dattijon da ya yi ritaya a Ringim ya karɓi haƙƙinsa, abokin karatunsa a Gabasawa ya yi shekaru yana jira, wasu har suka rasu ba su gani ba. Mai son a raba zai nuna Jigawa ya ce ga shi jiha ta iya, kuma gaskiyarsa. Ni abin da nake gani shi ne haƙƙin mutum ya koma sa'a, ya danganta da wanda Allah Ya ba kujerar a shekarun. Fansho ya sha wannan, ban ga dalilin jefa albashin wata-wata a cikinsa ba.

Saboda haka in za a tambaye ni, zaɓin bai tsaya tsakanin Abuja da jiha kawai ba. Akwai abubuwan da ya kamata su zauna a tarayya ba tare da an taɓa su ba: ƙasan albashi, 'yancin shiga ƙungiya da yajin aiki, haramcin bautar da yara, da kotun ma'aikata. In aka farfasa ƙungiyoyin ƙwadago jiha-jiha, kowace da rajistarta a hannun gwamnati, shugaban malamai na jiha zai zama yana ciniki da wanda ke iya soke ƙungiyarsa. Akwai kuma inda ya kamata a buɗe wa jihohi ƙofa a rubuce: su naɗa nasu jami'an duba wuraren aiki har matakin ƙaramar hukuma, su yi dokar da ta shafi ƙananan wuraren aiki da 'yan jinga da ma'aikatan gona waɗanda dokar tarayya ta tsallake, su kafa wurin sasanci mai sauƙi inda lebura zai kai kuka ba tare da lauya ba. An riga an yi irin wannan buɗewar a 2023, da aka ba jihohi hannu a wutar lantarki, jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, don haka ba baƙon abu ba ne.

Wanda zaɓinsa zai bambanta da nawa, na san shi. Mai ƙaramin injin casa da ke da yara goma zai ji tsoron jami'in jiha ya zama wani sabon mai karɓar na goro, kuma tsoronsa na da tushe. Dokar da za a yi wa irinsa dole ta zama mai sauƙi, ta tsaya a kan biyan lada a kan lokaci da ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni, ba tarin takardu da haraji ba. Manomin da ba ya cin albashi kuma yana iya cewa shi dai a rage wa ma'aikata a yi masa hanya. Sai dai ya tuna albashin malamin nan da na ma'aikacin lafiya a kasuwar ƙauyen ake kashe shi, wurin mai hatsi da mahauci da tela, kuma ranar da alat ya makara kowa a kasuwar yana ji a jikinsa.

Idan ƙudurin ya sake dawowa, kalmar "jerin haɗaka" kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Sashe na 4 na kundin ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye, amma ana iya tsara gyaran ta yadda ikon tarayya zai tsaya a kan ma'aikatanta kawai, na jiha kuma a kan nata. Tambayar da za a yi wa ɗan majalisa, a zauren jin ra'ayin jama'a ko a ƙofar gidansa, ita ce: Ranka ya daɗe, a wannan rubutun, jiha za ta iya biyan ƙasa da abin da tarayya ta yanka, ko ba za ta iya ba? In ya ce za ta iya, a roƙe shi ya ƙi. In ya ce ba za ta iya ba, sai a tambaye shi me gyaran ya tanadar wa masu yankan shinkafa da matan da ke sheƙa, a kuma nemi ya nuna layin da aka rubuta shi.